Wa ke da kasuwar hannun jari ta Najeriya? Rubutaccen shirin wannan mako

 Daga nan Hanwa a Zariya nake magana, kuma kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba, da waɗanda karatu ya fi yi musu daɗi.

Yau maganar hannun jari za mu yi, amma ta wata ƙofa da ba a cika shiga ba. Tun da manhajojin waya suka sauƙaƙa abin, matasa da yawa sun fara sayen hannun jarin MTN, Dangote Cement, BUA, Jaiz da sauransu. Kowa tambayarsa ɗaya ce: wanne zan saya, wanne zai tashi? Ni kuma tambayar da na kawo ita ce: ita kanta kasuwar da ake wannan ciniki a cikinta, ta wa ce?

Da yawa za su ce ta gwamnati ce. To ba ta gwamnati ba ce. Kamfani ne mai neman riba ke da ita, sunansa Nigerian Exchange Group, a taƙaice NGX Group. Shi ma kamfanin an kasa shi hannun jari hannun jari, ana sayar da shi a cikin kasuwar tasa. Wato yau da kai da ke za ku iya sayen yanki na kasuwar kanta. Amma masu riƙe da manyan kaso ba irinmu ba ne, manyan cibiyoyi ne masu juya kuɗin jama'a. Kuma in kun bi ni a hankali za ku ga cewa irin kuɗin da waɗannan cibiyoyi ke juyawa, wani daga nan garin namu yake fita.

Bari mu fara da misalin da kowa ya sani. Ku ɗauki kara, kasuwar dabbobi. Mai saniya ya kawo, mai saye ya zo, ba su san juna ba, dillali ya shiga tsakani ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa. Akwai kuma wanda ke da filin, yana karɓar kuɗin shiga, yana raba gardama, yana korar mai ha'inci. Kasuwar hannun jari haka take, sai dai abin da ake sayarwa yanki ne na kamfani. In kamfani ya kasa kansa gida miliyan ɗaya ka sayi guda ɗari, kana da ɗari cikin miliyan na kamfanin. In an ci riba aka yanke a raba, za a ba ka gwargwadon naka. In za a zaɓi daraktoci, kana da ƙuri'a ɗari. Ku riƙe wannan maganar ta ƙuri'a, za mu dawo kanta, don a nan gizo ke saƙa.

An kafa kasuwar ne ranar 15 ga Satumba 1960 da sunan Lagos Stock Exchange, ta fara ciniki a 1961 da takardun jari 19 kacal. Cikin waɗanda suka sa hannu a takardar kafa ta akwai Sir Odumegwu Ojukwu, da Akintola Williams, da ɗan Arewa Alhaji Shehu Bukar. A 1977 aka sauya mata suna zuwa Nigerian Stock Exchange, aka buɗe reshe a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. Kun ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Aliko Dangote ma ya taɓa riƙe shugabancin majalisarta.

Duk tsawon waɗannan shekaru, wajen sittin, kasuwar ba ta da hannun jari. Ƙungiya ce ta mambobi, mafi yawansu kamfanonin dillanci. Ba a raba riba, kuma ba wanda zai zo daga waje ya ce zai sayi wani kaso. In muka koma misalin kara, kamar a ce dillalan su ne masu filin, su ne masu kafa doka, su ne kuma alƙalai in an kawo ƙarar ɗayansu. Hausawa na cewa ba a ba kura ajiyar nama. Ba wai dukan dillalai kuraye ba ne, a'a, amma tsarin da kansa yana da rauni.

Raunin ya fito fili a 2008. Bayan da Babban Banki a zamanin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu Naira biliyan 25, bankuna sun yi ta sayar da hannun jari, jama'a suka yi ta rububi. Ma'aikata, 'yan kasuwa, 'yan fansho, har da masu cin bashi su saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Shekara ɗaya bayan nan ya dawo wajen 20,000. Wanda ya zuba miliyan ya wayi gari da abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ku tambayi iyayenmu da suka yi aiki a wancan lokacin, za ku ji dalilin da ya sa wasu har yau in ka ambaci hannun jari sai su kau da kai. A watan Agusta na 2010 hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwannin jari, a ƙarƙashin Arunma Oteh, ta sauke shugabancin kasuwar, a 2011 kuma Oscar Onyema ya karɓi ragama. Daga nan aka dage da maganar mayar da kasuwar kamfani mai hannun jari.

Ba mu muka fara ba. Kasuwar Stockholm ta ƙasar Siwidin ce ta fara a 1993. Ta Ostireliya ta bi a 1998, ta kuma sa hannun jarinta a cikin kasuwarta. Ta Landan ta yi a 2001, ta Johannesburg a Afirka ta Kudu a 2006, ta Nairobi a Kenya a 2014. Dalilin kusan iri ɗaya ne ko'ina: ciniki ya koma na kwamfuta, na'urori na cin kuɗi, kuma ƙungiyar da ba ta da hannun jari ba ta da hanyar tara babban jari.

A nan Najeriya sai da majalisa ta yi doka ta musamman, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a 2018. Mambobi suka amince a Maris 2020, SEC da hukumar rajistar kamfanoni CAC suka kammala nasu a Maris 2021. Aka samu uwar kamfani, NGX Group, da 'ya'ya uku: Nigerian Exchange Limited, wato kasuwar kanta, NGX Regulation, mai sa ido da hukunta masu laifi, da NGX Real Estate, mai kula da gidaje da kadarori.

To yanzu ga lissafin da nake so ku saurara da kyau. Da aka zo rabo, mambobi 432 ne. Kamfanonin dillanci 255, kowanne aka ba shi hannun jari 6,007,884. Sauran mambobi 177, kowanne ya samu 2,441,274. In ka haɗa, 1,964,115,918 ke nan, dillalai na da kashi 78 cikin ɗari, sauran na da kashi 22. Bayan an ɗan yi cinikinsu a ƙaramar kasuwar NASD, ranar 15 ga Oktoba 2021 aka shigar da su babbar kasuwa a kan Naira 14 da kwabo 68 kowanne. A wannan farashi, rabon kowane kamfanin dillanci ya ɗan haura Naira miliyan 88.

Me wannan ke nuna mana? A ranar farko ba wanda ke da babban kaso. Kowane kamfanin dillanci bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma da zarar abu ya shiga kasuwa, mai buƙatar kuɗi zai sayar, mai dogon buri kuma zai tattara. Haka aka yi. Tun kafin shekarar 2021 ta ƙare, kamfanin zuba jari na VFD Group ya tara kashi 5 da ɗan ɗoriya. Kashi 5 cikin ɗari na wancan adadi ya haura hannun jari miliyan 98. Wato sai ka haɗa rabon kamfanonin dillanci sama da 16 kafin ka kai. In kuwa kai matashi ne mai hannun jari 1,000, sai an tara irinka dubu 98 kafin muryarku ta yi daidai da ta wannan kamfani guda. Ka ga bambancin?

Su wa ake nufi da manyan cibiyoyin zuba jari? A sauƙaƙe, kamfanoni ne da sana'arsu ita ce juya kuɗin wasu. Ku ɗauke shi kamar adashi, sai dai uwar adashin ba ajiyewa take a ƙarƙashin katifa ba, juyawa take yi. Akwai kamfanonin fansho. Akwai kamfanonin inshora. Akwai masu asusun haɗaka, inda dubban mutane ke zuba ɗan abin da suke da shi, ƙwararru su saya musu hannun jari. Akwai asusun gwamnatoci, kamar hukumar NSIA tamu ta Najeriya, ko PIF na Saudiyya. Akwai kuma manyan asusun ƙasashen waje da ke shigowa da dala.

A duniya ma su ne ke riƙe da kasuwanni. Kasuwar New York ta Amurka mallakar wani kamfani ce mai suna Intercontinental Exchange tun 2013, kuma cikin manyan masu hannun jarinsa akwai Vanguard da BlackRock, masu juya kuɗin miliyoyin mutane. A kasuwar Johannesburg, cikin manya akwai Public Investment Corporation, mai juya kuɗin fanshon ma'aikatan gwamnatin Afirka ta Kudu. A Saudiyya, da aka sayar da hannun jarin kasuwar Tadawul a Disamba 2021, kashi 30 aka fitar wa jama'a, asusun gwamnati na PIF ya riƙe kashi 70.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya shafe mu. Zariya gari ne na ma'aikata. Ku tsaya a Kwangila da safe ku ga motocin da ke nufar Samaru da Shika da Kongo da Palladan: malaman Jami'ar Ahmadu Bello, ma'aikatan asibitin koyarwa, na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da sauransu. Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin da ke cikin tsarin ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wurin aikinsa ya ƙara kashi 10, a tura asusunsa na fansho. Ma'aikatan jami'o'i har kamfanin fansho nasu gare su, NUPEMCO. Kuɗin nan ba kwance suke ba. A ƙarshen 2024 jimillar kuɗin fanshon Najeriya ta haura Naira tiriliyan 22. Mafi yawa bashi ake ba gwamnatin tarayya da su, amma a lokacin wajen kashi ɗaya cikin goma yana cikin hannun jarin kamfanonin gida. Kashi ɗaya cikin goma na tiriliyan 22 ba wasa ba ne.

Saboda haka malamin da ke zaune a Hanwa Low Cost, wanda ya rantse tun 2008 ba shi ba hannun jari, in yana cikin wannan tsari, akwai yiwuwar wani yanki na kuɗin tsufansa yana cikin kasuwar nan yanzu haka. Kuɗin nasa ne, amma ƙuri'ar tana hannun kamfanin fanshonsa. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a kanku: in an ce manyan cibiyoyi, ba wasu aljanu ba ne a Legas. Kuɗin talakawa ne aka tara wuri ɗaya, wasu 'yan ƙalilan ke magana da yawunsu.

To mu koma kan ƙuri'a. A zaɓen siyasa, mai kuɗi da talaka kowa ƙuri'a ɗaya. A kamfani ba haka ba ne. In aka zo ƙidaya ta gaske, kowane hannun jari ƙuri'a ɗaya ne. A dokar kamfanoni ta 2020, ƙudurin yau da kullum rinjaye kawai yake buƙata, babban ƙuduri kuma sai an samu kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa. Masu kashi 10 cikin ɗari in suka haɗa kai suna iya tilasta a kira taron gaggawa. Ka ga ke nan cibiyoyi uku ko huɗu in suka yi waya da juna, suna iya tsayar da abin da dubban ƙananan masu hannun jari ba za su iya ba.

Kuma an gani a NGX Group ɗin kanta. A 2022, shekara ɗaya kacal da shiga kasuwa, shugabannin kamfanin suka kawo shawarar tara sabon jari na Naira biliyan 35. Ku tuna a ranar shigarsa kasuwa, darajar kamfanin gaba ɗaya wajen biliyan 29 ce. Masu hannun jari suka tayar da jijiyar wuya. Dalilin a bayyane yake: in aka ƙirƙiro sababbin hannun jari masu yawa, kason wanda bai ƙara kuɗi ba zai ragu, kamar kunu ne aka ƙara masa ruwa. A babban taron shekara na Satumba 2022 aka janye shawarar, shugaban kwamitin daraktoci na lokacin, marigayi Abimbola Ogunbanjo, ya sauka. A 2023 Alhaji Umaru Kwairanga, ɗan Gombe, ya zama shugaba, a farkon 2024 kuma Temi Popoola ya gaji Oscar Onyema. Ba zan ce muku wane ne ke da gaskiya a waccan taƙaddama ba. Abin lura shi ne, kasuwar da shekara sittin ba ta da mai hannun jarin da zai tuhume ta, yanzu ta samu masu ce mata tsaya.

Ga wani misali da sunansa ke bakinmu kullum. Unguwar PZ ta nan Zariya, sunan kamfanin Paterson Zochonis ta ci, wanda yau ake kira PZ Cussons, masu sabulu da man shafawa. Reshensa na Najeriya yana cikin kasuwar hannun jari, uwar kamfanin da ke Ingila na riƙe da wajen kashi 73. A 2023 uwar ta ce za ta saye sauran hannun jarin ta fitar da kamfanin daga kasuwa, ta taya Naira 21, daga baya ta ƙara zuwa 23. Ƙananan masu hannun jari da yawa suka ce an yi musu tayin wulaƙanci. A Maris 2024 hukumar SEC ta ƙi amincewa, maganar ta mutu. Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, mai babban kaso yana iya yanke shawarar da za ta sauya makomar kuɗinka ba tare da ya san sunanka ba. Na biyu, mai sa ido in yana aikinsa, shi ne katangar ƙarami.

Wani zai ce, to zuwan manyan nan alheri ne ko sharri? Ni a ganina duka biyun akwai.

Alherin shi ne suna da idon da ba mu da shi. Suna da akantoci da lauyoyi da ke karanta rahoton shekara shafi shafi. In shugabannin kamfani suka fara wadaƙa da kuɗi, su ne ke iya buga tebur a saurare su. Kamfanonin fansho kuma ba masu gaggawa ba ne, kuɗin shekara ashirin ko talatin suke juyawa, don haka zamansu na rage girgizar farashi. In suka matsa aka gyara kamfani, kai mai hannun jari 500 ma ka amfana ba tare da ka biya ko sisi ba.

Sharrin kuma, buƙatarsu ba kullum take daidai da taka ba. Asusun ƙasashen waje in suka ga Naira na faɗuwa ko dala ta yi wuyar fita, sayarwa suke yi su kama gabansu, farashi ya rikito a kan na gida. Babban mai hannun jari yana iya tura mutuminsa kujerar darakta, ya riƙa jan kamfanin zuwa inda sauran kasuwancinsa zai amfana. Sannan in kaso mai yawa ya taru a hannun mutum kaɗan, abin da ya rage a kasuwa sai ya yi ƙaranci, ɗan ciniki kaɗan ya ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Shi ya sa kasuwar ke da ƙa'idar cewa kamfanin da ke babban allo ya bar aƙalla kashi 20 cikin ɗari a hannun jama'a, ko kuma abin da darajarsa ta kai wani adadi da aka gindaya.

A kan NGX Group kuwa akwai ƙarin matsala da babu ita a kamfanin siminti ko na sukari. Daga ina kasuwa ke samun kuɗi? Daga kamashon kowane ciniki, da kuɗin da kamfanoni ke biya don a sa su a allo, da sayar da bayanan farashi, da ribar kamfanonin da take da kaso a ciki, musamman CSCS, wanda ke ajiye rajistar wa ke da me. Wato yawan ciniki da yawan kamfanoni su ne abincinta. To in babban kamfani mai kawo mata kuɗi ya karya doka, ya za ta yi? In ta hukunta shi ya yi fushi ya fice, masu hannun jarinta sun yi asara. In ta kau da kai, ku masu saye kun shiga uku. Kamar alƙalin wasa ne da ke da kaso a kuɗin tikiti.

Saboda wannan ne aka ware NGX Regulation a matsayin kamfani daban mai nasa daraktocin, hukumar SEC kuma tana sama da su duka. A Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta ƙara wa SEC ƙarfi, har da ɗauri ga masu shirya adashin damfara irin su MMM da ta cinye kuɗin mutane a 2016. Tsarin a takarda ya yi kyau. Amma katangar da ke tsakanin mai neman riba da mai hukunci, mutane ne ke tsaron ta, kuma mutane sai da ido. Shi ya sa sanin waɗanda ke tara hannun jarin NGX Group ya shafi har wanda bai taɓa sayen ko ɗaya na kamfanin ba. In kana da MTN ko Jaiz ko Dangote, a filinsu kake ciniki.

To me za mu yi da wannan bayani? Ga abin da ni nake yi, nake kuma ba ƙannena shawara.

Kafin ka sayi hannun jarin kowane kamfani, nemo rahotonsa na shekara. Kyauta ne, yana shafinsa na intanet da na NGX. Doka ta wajabta a bayyana duk wanda ya kai kashi 5 cikin ɗari. Buɗe wannan shafi ka duba: mutum ɗaya ne ke da kusan komai, ko uwar kamfani ce daga waje, ko cibiyoyi ne da yawa? Ka kwatanta da na bara, wa ya ƙara, wa ya rage? Ka duba daraktoci kuma, wa kowannensu ke wakilta? Minti goma ya isa, kuma ya fi maka jita-jitar rukunin WhatsApp amfani.

Na biyu, ƙuri'arka kada ka raina ta. Ana aiko sanarwar babban taro aƙalla kwana 21 kafin ranar, da takardar wakilci ga wanda ba zai je ba. Tun 2023 doka ta ba manyan kamfanoni damar yin taron ta intanet, don haka ba sai ka hau motar Legas ba. A kwamitin binciken kuɗi na kowane irin wannan kamfani, kujeru uku cikin biyar na wakilan masu hannun jari ne. Ƙanana in suka haɗu suna da nauyi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na uku, in kana aiki, ko mahaifinka ko mahaifiyarki na aiki, ku tambayi kamfanin fanshonku a wane asusu kuɗinku yake. Tun 2018 hukumar PenCom ta kasa su kashi kashi gwargwadon shekaru da jure haɗari, wani asusun ya fi wani yawan hannun jari. Akwai kuma asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ga mai so ya koma. Ga masu tambayar halacci, kasuwar tana da ma'aunin NGX Lotus Islamic tun 2012, wanda ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin Musulunci. Hukuncin wani kamfani takamaimai kuwa, wannan sai malaman da suka san fiƙihu suka kuma san lissafin kuɗi.

Na huɗu, dillali mai rajista da SEC kawai. Sunayensu na shafin hukumar. In ka buɗe asusu, ka tabbata an ba ka lambarka ta CSCS, don ita ce shaidar cewa hannun jarin da sunanka yake. Ka cike takardar da za a riƙa turo maka rabon riba kai tsaye ta banki, kuma ka sani ana cire harajin kashi 10 kafin ya iso ka. Ku leƙa akwatunan iyayenku ma. Tsofaffin takardun hannun jarin da aka saya a 2007 ba shara ba ne, akwai biliyoyin Naira na rabon riba da masu su ba su karɓa ba, kuma SEC na da shafin da ake duba suna.

Ban ce kowa ya je ya sayi NGX Group ba, ban kuma ce kada a saya ba. Farashi na hawa yana sauka, kuma kuɗin haya ko na makaranta ba na kasuwar hannun jari ba ne. Abin da na ce shi ne, duk kamfanin da za ka sa guminka a ciki, ka san su wa kuka haɗa kwano da su, kuma hannun wa ya fi girma.

A nan za mu dakata. In akwai tambaya ku ajiye ta a ƙasa, waɗanda suka fi yawa zan haɗa su in amsa. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki rahoton shekara na kamfani guda mu bi shi tare, in nuna muku inda ake duba riba, da bashi, da sunayen manyan masu hannun jari. Ku tura wa wanda kuka san yana da fansho bai taɓa tambayar inda kuɗinsa yake ba.